Rabin Biron Zulaihatu

Usaini ya zura hannu a aljihu ya zaro biro biyu, ya ajiye su a kan tabarma gaban maƙwabcinsa.

"Ga su nan, Malam. Damina guda suna jikina. Sun sha gumi, sun sha ruwan sama, har taki sun sha."

Malam Badaru ya gyara zaman tabaransa ya ɗauki na farkon, mai ruwan zinare, wanda Usaini ya laƙaba wa suna Ɗan Gayu. Ruwan zinaren duk ya saɓule, maƙalin aljihun ya saki yana lilo. Ya murɗa shi don bakin rubutun ya fito, ya ƙi. Ya sake murɗawa da ƙarfi, sai ya fito da ƙara.

"Ka gani ko? Ƙasa ta shige shi. Kuma bututunsa ba kauri, da yatsa ma sai ka lotsa shi."

"Ai tun ranar shuka na faɗa maka, wannan kyan ɗan maciji ne da shi."

Na biyun ba shi da wani ƙyalli, launin tukunyar ƙarfe gare shi, shi ya sa Usaini ke ce masa Ɗan Ƙauye. Malam Badaru ya murɗa shi sau ɗaya, bakin ya fito sumul. Ya ja layi a tafin hannunsa, tawadar ba ta yanke ba. Ya ja maƙalin ya sake shi, ya koma da ƙarfinsa. Ya yi murmushi irin na wanda ɗansa ya ci jarrabawa.

"Shi ke nan, an gama shari'a. Irin wannan saitin zan sa wa na Zulaihatu."

Malam Badaru tsohon malamin aikin katako ne, ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu da ke gefen Dawakin Tofa. Wasu in sun ajiye aiki kiwo suke kamawa, shi kuwa sai ya kama sassaƙa biro na itace. Kayan ƙarfen da ake sawa a ciki, wato bututu da baki da maƙali da abin murɗawa, saiti-saiti ake sayar da su, wasu a Kano, wasu sai wani tsohon ɗalibinsa ya aiko daga Legas. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, sai dai kyauta. Injinsa ma shi ya haɗa abinsa a soro, da wilin keke da bel, domin wutar ƙauyen ba abin dogaro ba ce. Sai dai injin na mutum biyu ne: ɗaya ya juya wilin, ɗaya ya riƙe ƙarfen sassaƙa. Mai juyawar kuwa tun fil azal Usaini ne, manomin da katanga ɗaya ta raba su, wanda yake yi yana tsiya, yana cewa bai taɓa ganin dattijo da jikoki yana wasan yara da gaske haka ba.

Zulaihatu ita ce autar Malam, tana gab da gama makarantar koyon jinya a Kano. Burinsa ya sa mata biro a aljihu ranar yaye su, wanda zai yi shekaru bai ba ta kunya ba. Itacen ma ya tanada, guntun ƙirya daga tsohuwar taɓaryar mahaifiyarta Hure da ta karye. Abin da ya hana a fara tun bazara shi ne bai yarda ya sa kayan da bai gwada ba. Ana cikin gwajin nan ciwon zuciya ya sa shi gaba, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa gardama.

"Gobe da safe za mu ɗora itacen a inji," in ji Malam. "Da hantsi hannuna yake tsayawa. Da rana ta take, rawa yake."

Usaini ya sosa ƙeya. "Malam, gobe kam akwai wuya. Ruwa ya ɗauke, in ban cire gyaɗar nan yanzu ba ƙasa za ta riƙe ta. Ka ba ni jibi."

"To, Allah ya kai mu."

Ba ƙarya Usaini ya yi ba, duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya san haka. Amma jibin nan ta zo ta wuce. Da aka gama gyaɗa sai wake ya fara fashewa a gona, da aka tsince wake sai dawa ta sunkuya. Kullum da sassafe in ya fito da lauje a kafaɗa yakan tarar da ƙofar soron a buɗe, Malam na zaune kusa da injin, ya riga ya huda itacen gida biyu, ya manna bututun da gam, yana jira. Su gaisa, Malam ya ce, "Sarkin noma, Allah ya ba da sa'a," shi kuma ya ƙara sauri.

Wata ranar da yamma Hure ta leƙo ta kan katanga ta yi sallama.

"Malam Usaini, don Allah ka taimaka wa ɗan'uwanka. Na gwada juya masa abin nan, hannuna ba ya tafiya daidai, sai ya ce in bari kar in ɓata itacen. Ko abincin kirki ba ya ci."

"Wallahi yana raina, Hure. Dawar nan kawai ta rage. Ai yaye ɗaliban da saura."

Ita ba yaye ɗaliban take ji ba, jikin mijinta take ji. Ta sauke kanta daga katangar.

Ranar da Usaini ya kai damin ƙarshe rumbu, washegari ya shiga soron da fara'arsa, ya naɗe hannun riga. Sai da ya zauna a bakin wilin sannan ya dubi Malam da kyau. Mutumin ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk gaisuwar da suke yi a tsaitsaye, ashe bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba.

Ya fara juyawa. Ƙarfen ya taɓa ƙiryar, ɓawon itace ja-ja ya riƙa zubowa a kan cinyar Malam, soron ya cika da ƙamshi. Sannu a hankali kusurwoyin suka ɓace, rabin farko ya fito siriri. Malam ya bi shi da samfefa, ya shafa mai, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa.

"Ka ga jijiyoyin itacen nan? Shekara nawa tana daka mana fura."

Suka ɗora rabi na biyu. Ƙarfen bai kai ga itacen ba ya fara kaɗawa a hannun Malam. Ya ajiye, ya huta, ya sake ɗauka. Ya sake ajiyewa.

"Tsaya, Usaini. In na taɓa shi a haka zai tsage, kuma ba ni da wani. Mu bari gobe, da wuri."

"Da asuba ma in kana so."

Da asubar Usaini na fitowa daga masallaci kai tsaye can ya nufa, sai ya tarar da Adaidaita a ƙofar gidan, ana tallabo Malam. Ya kama aka sa shi ciki. Malam ya buɗe ido ya gan shi, ya motsa baki, amma abin da ya faɗa bai fito ba. Kafin azahar aka dawo da shi a lulluɓe, bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Usaini na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, kuma da ya ji rashin nauyinsa sai hawaye suka ƙwace masa.

Kwanakin zaman makoki bai iya kallon cikin soron ba. Rumbunsa ya cika fal, bara ma bai samu haka ba, amma tuwon ba ya wuce masa. Safiya ɗaya tak ake nema a wurinsa, kuma yana da ita. Wannan tunanin ya hana shi sakat, har kansa ya fara sarawa.

Bayan addu'ar bakwai Zulaihatu ta shigo gidansa yi wa iyalinsa bangajiya, za ta koma makaranta. Ta durƙusa ta gaishe shi a gindin rumbu, ta ga ya dafe kai.

"Baba Usaini, ba ka da lafiya ne?"

"Ɗan ciwon kai ne, 'yata. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kawo hannunka in gani."

Ta ciro abin awon jini daga jakarta ta ɗaura masa a damtse, ta duba, ta ɓata fuska.

"Jininka ya hau sosai. Kana shan magani?"

Ya aika aka ɗauko wani kwali da aka taɓa ba shi a asibiti. "In na ji jiri nakan haɗiyi ɗaya."

"Haba Baba, ba haka ake sha ba. Kai kaɗai ka rage mana a layin nan."

Ta sake lalube jakar, ta zaro biro. Usaini ya bi hannunta da ido. Biron ƙiryar nan ne, ashe ta harhaɗa shi da kanta, yadda ta saba ganin mahaifinta na yi. Rabin ƙasa sumul yana sheƙi, rabin sama kuwa yana nan da kusurwoyinsa huɗu, har da shatar zarto.

Ta ɗora kwalin a gwiwarta ta sunkuya tana rubuta masa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, guntun ƙiryar da ba a sassaƙa ba yana rausaya a saman yatsunta.