Garin da Jasim Ya Gina

Ghali yana goge gilashin mota da safiyar Lahadi, ranar da ake fara mako a ƙasar Larabawan nan, bayan ya dawo daga kai yara makaranta, sai ya ji takun Abu Jasim a bayansa. Abu Jasim ne kafil ɗinsa, mai gidan da yake yi wa tuƙi shekara huɗu ke nan, kuma ba mutum ne mai zuwa garejin mota da ƙafarsa ba. In yana son direba, waya yake bugawa. Ghali ya san akwai magana tun kafin a ce masa komai.

"Ghali, jakar da madam ta ba ka ranar Alhamis, tana ina?"

Tsumman da ke hannun Ghali ya kusa suɓucewa. Ya ce, "Tana nan, ranka ya daɗe. Tana unguwar Mansura, wurin ɗan'uwana. Muna haɗa kayan da za mu aika gida."

"Alhamdu lillah." Abu Jasim ya sauke numfashi kamar wanda ya ajiye kaya. "Akwai wani ƙaramin gem na hannu a ciki, shuɗi, da kaset a jikinsa. Shi kaɗai nake so, sauran ka riƙe. Na Jasim ne. Akwai wani gari da ya gina a cikin wasan, gidaje da itatuwa, har da sunayen da ya sa wa dabbobi. Ɗauki mota. Yalla, maza ka kawo min kafin la'asar."

Jasim shi ne babban ɗan gidan, ya rasu shekara guda kafin Ghali ya kama aiki. Ghali bai taɓa ganinsa ba sai a hoto, bai kuma taɓa jin uban ya kira sunansa ba sai yau.

Matsalar ita ce babu wata jaka a Mansura. Tun ranar Juma'a Ghali ya sayar da ita da duk abin da ke ciki.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis madam ta sa aka kwashe wani ɗaki a sama, ta kira Ghali ta miƙa masa jaka cike da faya-fayen gem, ta ce ko yaransa za su so. Bahaushe dai ba ya kushe kyauta a gaban mai ita. Ghali ya durƙusa ya yi godiya har sau uku, ya ce ai yaransa za su yi murna har su kasa barci. Alhali 'ya'yansa mata ne biyu, babbar ba ta kai shekara biyar ba, kuma a unguwarsu a Zariya in aka kawo wuta sau biyu a mako sai an yi guɗa. Abin da matarsa Asabe take nema keken ɗinki ne, ba gem ba.

Da yamma ya biya ta wani shagon gem a cikin mol, irin waɗanda suke karɓar tsoho. Yaron shagon ya juya faya-fayen ɗaya bayan ɗaya, ya duba kwamfuta, ya faɗi wani kuɗi da ko shayi da burodi na mako ba zai saya ba. Ya ce in kuma Ghali zai karɓi kati ya sayi wani abu a shagon, za a ɗan ƙara. Ƙaramin gem ɗin kuwa ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce tsohon yayi ne, sai dai su sa shi a gilashi ya jira mai so. Sannan ya nemi katin shaidar Ghali don a rubuta sunansa a rasit. Nan Ghali ya tattara kayansa. A ba shi kuɗin raini, a kuma rubuta sunansa? Bai ga dalili ba.

Gado, abokinsa mai aikin gadi da ke zaune a Mansura, ya ba shi shawara a waya. "Ka bar musu a shagon, Ghali. Kuɗin kaɗan ne, amma ka san inda kayanka suke, ga takarda a hannunka. Kayan gidan kafil ba a sayar wa mutumin da ba a san asalinsa ba."

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa," in ji Ghali. Ya ɗauki hoton kayan ya jefa a wani guruf na saye da sayarwa. Kafin a yi sallar Juma'a har an samu mai so, wani Mashud, ɗan Zangon Kumasi. Suka haɗu a Asian Town, unguwar leburori baƙi, a bakin kasuwa, cikin cunkoson ma'aikata masu hutun mako. Mashud ya taya, Ghali ya ce albarka, ya ƙara, Ghali ya ce ya sallama. Abin da ya samu ya ninka na shago sau huɗu. Ya koma gida yana yi wa Gado dariya a zuci.

Yanzu ga shi a cikin motar mai gida, sanyin na'ura na kaɗawa amma rigarsa ta jiƙe. Ya fita daga unguwar, ya sami gefen hanya ya tsaya, ya kira lambar Mashud. Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya sake. Ya tura saƙon murya, saƙon ya tsaya da alama ɗaya. Duk abin da ya sani game da mutumin nan suna ne da lamba, sai wata jar hula. Da a shago ne, da yanzu ya shiga ya nuna gilashi ya ce a ba shi wancan, ko nawa ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, an faɗa masa tun yana yaro, sai da ya tsallako teku ya zo ya gwada da kansa.

Tsoro ya kama shi sosai. A gidan nan an taɓa sallamar mai lambu saboda ƙarya a kan tiyo ɗin ban ruwa. Ina ga wanda ya sayar da abin mamaci, ya kuma dubi uban ya ce yana Mansura? In aka kore shi, sai jirgi. Ya tuna fuskar Asabe, ya tuna katangar gidan da suka fara ginawa ta tsaya a daidai taga.

Ya kira Gado. Gado ya saurara har ƙarshe, bai ce na faɗa maka ba, kuma hakan ya fi yi wa Ghali ciwo.

"In ɗan Ghana ne kuma ba ya ɗaga waya da safe, to yana diyuti, an kulle wayar a loka," in ji Gado. "Yawancinsu a unguwar Bin Omran suke. Je ka can ka jira. Zan tambayi na wurin aikinmu, ba a rasa wanda ya san shi."

Ghali ya yi awa biyu a Bin Omran yana zagaye layuka kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Duk baƙin mutum da ya gani sai ya rage gudu. Ya shiga wani shagon kayan masarufi ya sayi ruwa bai sha ba. Sau biyu wayarsa ta yi ƙara, ya zaro ta da sauri, ashe saƙon kamfanin waya ne. Ya roƙi direban maƙwabta ya ɗauko masa yara daga makaranta, abin da bai taɓa yi ba. Ana kiran azahar Gado ya turo masa kwatancen wani tsohon gini a bayan masallaci, hawa na biyu.

Mashud da kansa ya buɗe ƙofa, da rigar gadi a jikinsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ɗakin gadaje shida ne masu hawa biyu, a ƙarƙashin nasa kuwa kwalaye ne jere, kowanne cike da gem.

"Masa, lafiya?" in ji shi da Hausarsa ta Zango, inda "masa" ke nufin maigida. "Na ga kiranka goma sha ɗaya."

"Ƙaramin gem ɗin nan shuɗi. Don Allah, yana nan?"

Mashud ya ɓata fuska. "Kai ka ce ka sallama, ni na biya. A garinku ana ta da ciniki bayan sallama? Wani ɗan Filifin zai zo ya ɗauke shi yau da yamma."

Ghali ya san gaskiyarsa ce. Shi kansa ɗan kasuwa ne ta wajen uba, ya san abin kunya ne. Amma ya ajiye kunyar a bakin ƙofa, ya zauna a gefen gado ya faɗa masa komai, har da ƙaryar da ya yi da safe. Da ya kai kan Jasim, sai Mashud ya cire takalmin da ya rage, ya yi salati a hankali. Ya durƙusa ya jawo kwali, ya fito da gem ɗin a cikin leda, yana ƙyalli.

"Ɗauki. Ba na son ko riyal. Ni ma uwana ya rasu ina nan, ban samu ko zanensa ba."

Ghali ya karɓa. Ji ya yi kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya rungume Mashud, ya yi masa addu'a har da iyayensa da kakanninsa. Sannan ya ce bari ya kunna ya ga garin nan da ya kusa raba shi da aikinsa.

Mashud ya tsaya yana kallon ledar.

"Masa," ya ce, "wane gari?"

"Wanda yaron ya gina a ciki."

Mashud ya dafa ƙarfen gado. "Ni duk kayan da na saya, daren farko nake wanke shi, in gwada shi, in goge abin da ke ciki. Mai saye ba ya son wasan wani, sabo yake so ya fara. Haka nake yi wa kowanne. Wallahi ban sani ba."

Ghali ya danna maɓallin. Allon ya kawo haske, wani ɗan kiɗa ya tashi, sai ga fili fetal, kore, babu gida babu itace, da wani akwati yana tambayar sunan mai wasa.

"Ba a dawo da shi?"

"Ba a dawo da shi."

A hanyar komawa shaiɗan ya zauna a kujerar gefe yana ba shi shawara. Ka miƙa masa kawai, ka ce haka ka same shi. Tsohon abu ne, batir ya mutu, zafi ya lalata shi, wa zai sani? Ghali ya saurara har ya fara tsara kalmomin. Ya kai fitilar ƙarshe kafin unguwarsu, ja ta tsayar da shi, ya dubi ledar a kan kujera. Ya ga cewa in ya yi haka, mutumin nan zai zauna ya yi ta kunnawa yana kashewa, zai kai wa masu gyara, zai yi ta sa rai. Wannan kam ba zai iya ba.

Abu Jasim yana majalisa, falon baƙi na gidan, shi kaɗai, an idar da la'asar. Da ya ga shuɗin abin a hannun Ghali sai ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe. Ghali bai taɓa ganinsa haka ba.

"Ranka ya daɗe, kafin ka kunna," in ji Ghali. "Ƙarya na yi maka da safe. Ban aika wa yarana ba, ba ya Mansura. Sayarwa na yi, ranar Juma'a. Na samo shi, amma wanda ya saya ya goge abin da ke ciki. Babu garin. Laifina ne, ni kaɗai."

Abu Jasim ya karɓa, ya koma ya zauna. Ya kunna duk da haka. Ɗan kiɗan nan ya cika majalisar. Ghali ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa, yana jiran a ce ya haɗa kayansa, har ya fara fatan a yi a gama.



"Madam ta ba ka, naka ne, ka sayar da abinka," in ji Abu Jasim a ƙarshe, idonsa a kan allon. "Shekara biyar ina shiga ɗakin nan in ba ta gida, in kunna, in ba wa itatuwansa ruwa. Ban taɓa faɗa mata ba. Da na faɗa, da ba ta bayar ba."

Ghali ya ɗago kai ya dube shi.

"Khalas, shi ke nan, je ka. Gobe akwai makaranta." Ya kashe gem ɗin ya sa a aljihun rigarsa. "In ta tambaye ka, ka ce yaranka sun ji daɗi."

Ghali ya fita ya ja ƙofar a hankali. Aikinsa yana nan, ba wanda ya taɓa masa shi. Ya kai bakin gareji, ya zauna a kan dakali da makullin mota a hannu, hawaye suka zubo masa.