Jaridar da Aka Yanke wa Kai

A shekararta ta biyu a Estoniya aka kai A'isha da abokan karatunta wani ɗakin adana littattafai, aka nuna musu jaridar ƙasar ta kullum. Da harshensu ake buga ta, fiye da ƙarni ɗaya da rabi ke nan. Mutanen ƙasar duka ba su kai na birnin Kano yawa ba, amma ga fitowa bayan fitowa a jere, kowace da ranarta.

A nan ta tuna da Muryar Jakara, jaridar da marigayi kakanta Malam Shehu ya riƙa bugawa da Hausa, da injin hannu, har ƙarfinsa ya ƙare. Babu wanda ya tara ta sai shi. Malaminta ya amince ta rubuta tarihin jaridar, muddin za ta nuna wace fitowa ce ta riga wace. Ta buga waya Yakasai ta roƙi baffanta Ɗantani, wanda ya gaji gidan, ya adana mata jaridun.

Da ta dawo hutu, sai da ta gaida kowa ta ci tuwo, sannan ta tambaya.

"Adanawa kam na yi, Indo," in ji Baffa. "Ke dai kin tafi ƙasar ƙanƙara kin bar ni da aiki."

Ya buɗe tsohon ɗakin Malam Shehu. Jaridun na kan gadon ƙarfe, an ɗaure su dami-dami. Ta zaro ɗaya, ta zaro wata. Kowace an yanke samanta da almakashi, yanka mai kyau, daidai faɗin tafin hannu.

"Baffa, ina kansu?"

"Na ƙona. Tokar na binne a gindin dabino."

Ya yi mata bayani a natse. Da damina rufin ya yi yoyo, aka fito da su tsakar gida shan iska. Iska ta kwashi wasu zuwa lungu, har ya ga an naɗe ƙosai da ɗaya. Malam Shehu kuwa bai taɓa fitar da jarida ba sai da Bisimilla a samanta.

"Sunan Allah a kwata, Indo? Da wace fuska zan haɗu da mahaifina?"

A'isha ta dubi takardar. A ƙarƙashin Bisimillar nan sunan jaridar yake, da lamba, da kwanan wata. Babu su a ko'ina kuma, don Malam Shehu ba ya ɓata tawada.

Ba ta ce ya yi kuskure ba. Ita ma da hannunta ta sha ɗauke irin wannan takarda daga ƙasa ta cusa a tsagar bango.

Ta shimfiɗa tabarma, ta kwance dami ɗaya, ta miƙa masa ta farko.

"Wannan yaushe ne, Baffa?"

Ya sa tabarau ya karanta: ruwa ya rushe gidaje a Ƙofar Na'isa.

"Shekarar da kakarki ta rasu ce." Ya sake duba takardar. "Ko wadda ta biyo. Sau biyu aka yi ruwan."

Ta ajiye ta gefe guda, ita kaɗai, ta miƙa masa ta biyu.