Fursunan Majalisar Zarami

Abdulmannan ya dawo Haɗeja bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana gyaran agogo a Ikko. Ya dawo da tumbi da tabarau da hawan jini, amma a gari ya rasa wurin zama.

A ƙofar gidan Malam Zarami, gindin darbejiya, dattawan unguwa ke zama bayan la'asar, dukkansu manoman shinkafa. In Abdulmannan ya yi sallama sai a amsa masa da irin ladabin da ake yi wa baƙo, a ce, "Sannu da zuwa, Na-Ikko," a bar shi a bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. Hirarsu ta ruwa ce da taki da ambaliya, shi kuwa ɗan tela ne, tun yana yaro aka tafi da shi, bai taɓa taka fadama ba. Abin da ke cinsa ke nan: a garin da aka binne cibiyarsa, babu mai matsawa ya ba shi wuri.

Da ya lura, sai ya ga kowa na da abin kiwon da yake tinƙaho da shi. Zarami na da tattabaru, Tasi'u mai injin ban ruwa na da agwagi. Ya ce to, shi ma tsuntsu zai ajiye, ya samu abin sa baki.

Ya fara da shawarar matarsa, 'Yar'azumi, wadda ta tashi a Kirikasamma.

"Aku nake so," in ji shi.

"Aku ba zai kwana gidan nan ba, Malam. Ka manta abin da kake faɗa kan maƙwabta in ka cire hula? Duk zai kwashe ya kai musu."

"To, tattabara."

"An ce ba ta zama gidan da ake faɗa. Randa ta tashi, unguwa ta gama sanin halinmu."

"Agwagwa fa?"

"Kai za ka riƙa share tsakar gida?"

Ya ga kowace ƙofa ta rufe, ya ce zai je kasuwa ya zaɓo da idonsa, ƙarami, mai kyau, marar surutu.

A kasuwa ya wuce masu kaji da masu zabi, sai ya tarar da wani mai suna Shu'ibu gaban kwando rufe da raga, cike da ƙananan tsuntsaye suna ta tsalle. Ɗaya ya tsaya a gefe, fuska baƙa, ƙirji ruwan ƙasa, baki ja wur kamar an tsoma shi a manja. Abdulmannan ya gyara tabarau.

"Wancan nake so."

"Ɗaya tal, Alhaji? Ai ba zai kai maka maƙogwaro ba. A fige ko a soya?"

"Wace irin suya? Kiwo zan yi."

Shu'ibu ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kiwo."

"Me yake ci?"

"Alhaji, kada ci ya dame ka. Wannan bai taɓa ƙin abinci ba." Ya kamo shi ya miƙa. "Riƙe, kyauta na ba ka. Allah ya ba ka ladan rage mana ɗaya."

Abdulmannan ya ɗauka mutuncin furfura ne. Ya sayi keji na kara, ya sa masa gwangwanin ruwa, ya nufi gida yana murmushi.

'Yar'azumi ta leƙa kejin, ta kama baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Bai yi kyau ba?"

"Ya yi, Malam. Maza kai shi majalisa, za su san shi."

Ya isa da la'asar, ya ajiye kejin tsakiyar tabarma, ya yaye ƙyallen da ya rufe shi da shi. Tasi'u ya ajiye goron da ya kai baki.

"Na-Ikko," in ji Zarami a hankali, "ka san wanda ka kawo mana?"

"Ban raɗa masa suna ba tukuna."

"Yana da suna. Jan baki ke nan. Shi da danginsa ke kwana cikin kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana kogi, su taso kamar hadari su sauka a shinkafa. Bara kafin in juya sun bar mini kara tsaye. Mun kaɗa gwangwani, mun yi ihu har murya ta dishe. Shi ka sa wa ruwan sha?"

Abdulmannan ya ga bakin tabarmar ma ya kuɓuce masa. Ya miƙa hannu zai ɗauke kejin.

"Bar shi," in ji Zarami.

Tsohon ya matso, ya durƙusa, ya sa fuska daf da karan kejin. Tsuntsun ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya.

"Tunda nake noma," in ji Zarami, "ban taɓa samun ɗayanku ya tsaya ya saurare ni ba. Kai, ɓarawo ɗan ɓarawo. Ka yi shuka? Ka yi dashe? Ka taɓa shiga ruwa matsattsaku ta kama ka?"

Tsuntsun ya sha ruwa.

"Ku duba, ko kunya babu."

Tasi'u ya ce a matsa masa, shi ma yana da magana. Ya tuhumi tsuntsun da man injin da ya ƙona a banza, ya haɗa har da uwarsa da kakarsa. Bayansa wani ya karɓa. Har aka kira magariba ba a gama layi ba, kowa ya tashi yana cewa rabon da ƙirjinsa ya yi sanyi haka tun kafin girbin bara.

Washegari Abdulmannan ya zo shi kaɗai don kunya. Zarami ya duba bayansa.

"Ina fursunan?"

"Na ce ko in sake shi."

"Ka sake shi ya koma gonata? Jeka ɗauko shi. Na kwana da wata magana."

Da ya dawo da kejin, sai ya ga Zarami ya zaro shinkafa daga aljihu yana zuba wa tsuntsun. "Ci a gabana, in ga yadda kuke yi." Sannan ya zunguri Tasi'u da gwiwar hannu. "Kai, matsa wa Abdulmannan. Mai gadi ai kusa da fursuna yake zama."

Tasi'u ya matsa. Abdulmannan ya zauna tsakiyar tabarma, jikinsa duka a kai, ya gyara wa tsuntsun gwangwani.