Shanun Orval Hruska

Ruwa ya ƙi zuwa daga Afrilu har Agusta, ciyawa ta ƙone ƙurmus a yammacin jihar Nebraska. Gwamnati ta ce duk mai shanun da fari ya cinye masa filin kiwo ya je ofishin noma na gunduma, za a ba shi tallafi gwargwadon filinsa da yawan dabbobinsa. Kowa ya je, ban da maƙwabcina Orval Hruska.

Dalilinsa ɗaya ne: sai ka faɗi adadin shanunka. A wurinmu kuwa gara ka sa hannu a aljihun mutum da ka yi masa wannan tambayar. Orval ya fi kowa riƙe wannan al'ada. Filayensa suna bayan tuddan yashi, ba wanda ya taɓa ganin garkensa a haɗe. Mutane na cewa ɗari biyar ne, shi bai ce i ba, bai ce a'a ba, sai dai ya gyara zaman hularsa. Shekara talatin yana cin wannan girman.

Amma girma ba ya cika tumbin saniya. Busasshiyar ciyawa ta yi tsada, hunturu na tafe. Jajayen shanunsa tun daga na ubansa suke ta haihuwa, in ya kai su kasuwa irin ya ƙare ke nan.

Matarsa Twila ta kira ni. Ta ce, «Verlin, zo ka ɗauki tsohon nan ka kai shi, ko a ɗaure ne. Ni na gaji.»

Na ɗauke shi a a-kori-kurata. Muka nufi gari.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, bencin jira cike da masu shanu. Darla ce ma'aikaciyar, yarinyar da muka san ranar haihuwarta.

Ta ce, «Baba Orval, shanu nawa ke kiwo a filin?»

Ya ce, «Isassu.»

«Baba, ba ni da gurbin isassu.»

«To rubuta daidai gwargwado.»

«Shi ma babu. Matso ka raɗa mini a kunne, daga ni sai kai.»

Ga matsalar: ƙarar tarakta ta daɗe da rage wa Orval ji. Bai san ƙarfin muryarsa ba, raɗarsa ma tana iya juyo da garke daga ƙetaren kwari. Ya waiwayi benci, ya sunkuya, ya kare baki da hula.

«TAMANIN DA BAKWAI!»

 Sai Milo Stuhr, wanda suke faɗa da Orval tun suna makaranta, ya ce, «Orval, sauran ɗari huɗun fa? Sun tafi coci?»

Aka kwashe da dariya. Orval ya juyo gare ni, ya ce, «Me ya ce?»

Na ce, «Yana gaishe ka ne, dattijo.»

Ya ce, «Ƙarya kake. Milo bai taɓa gaishe ni ba.»

A hanyar komawa ya daɗe yana kallon filayen da suka bushe. Sai ya ce, «Sun ji ko?» Na ce har mai sayar da fetur a tsallaken titi ya ji. Ya yi tsaki, ya ce in tsaya mu ci gasasshen nama, yunwa yake ji.

Tallafin ya zo kafin dusar ƙanƙara. Bai isa komai da komai ba, amma ya sayi ciyawar da ta fitar da shanun daga hunturu. Ko ɗaya bai sayar ba. Da bazara na taya shi yi wa maruƙa shaidar wuta, jajaye, masu ƙiba. Yana ta yi musu tsawa yana murmushi.

Sunansa ne dai ya tafi. Yau a gundumar nan ba mai ce masa Orval. Daga faston cocinmu har jikokinsa, Tamanin da Bakwai suke kiransa, kuma yana amsawa.