Ajin Malam Labaran

"Wannan kuma wane sabon shirme ne?" in ji Hansai, tana leƙe ta kan katanga.

Maƙwabcinta Malam Labaran na zaune a tabarma da jikokinsa biyu, Mubina da Nana Hadiza. Kwanon shinkafa na tsakiya, kowa riƙe da ƙirare biyu da aka fere, rabin abincin ya zube ƙasa kaji na tsincewa.

"Yau a ƙasar Sin muke, Hansai. Haka suke ci can."

"To, Allah Ya maido ku lafiya," ta ce, ta ja tsaki.

Tun da 'yan bindiga suka taso su Malam Labaran daga Zakka suka dawo Batsari, Mubina ba ta sake yarda ta shiga aji ba. Ko ƙararrawar makaranta ta ji sai jikinta ya hau ɓari. Shi ne tsohon, wai don ya taɓa koyarwa a firamare, ya ce zai karantar da su a gida da wasu littattafai masu hotuna. Hansai ba ta ga karatu a wurin ba. Ba allo, ba bulala. Mutum da furfura har gemu, yau ya kwaɓa laka ya shafe ta da toka wai ɗakin ƙanƙara, gobe ya ɗaura wa yara zane a kafaɗa wai Indiyawa. Duk matar da ta shigo gidanta sai ta kai ta bakin katanga sun sha dariya.

Ranar wata Laraba da hantsi Nana Hadiza ta shigo, hannunta duk kullun rogo.

"Inna Hansai, Kaka ya yi barci, bai gama liƙa mana jirgin ba."

Hansai ta je ta same shi jingine da bango, jirgin ruwa na karan dawa a cinyarsa. Ta kira sunansa sau biyu. Sai ta yi salati, ta cire mayafinta ta rufe shi.

Ɗansa Almustapha ya iso daga Katsina bayan an dawo daga maƙabarta, shadda na ƙyalli, waya manne a kunne. Shekara biyu rabonsa da gidan, amma ya fi kowa ƙarar kuka. Hansai ta dube shi sama da ƙasa ta kau da kai.

Ranar sadakar uku Almustapha ya tattara littattafan a buhun taki.

"A ba mai ƙosai ta riƙa naɗi. Baba ya ɓata wa yaran nan lokaci. Litinin za a kai su makaranta."

Mubina ta maƙale a bayan ƙofa.

"Miƙo nan," in ji Hansai. "Wannan tarkacen ko ƙosai bai cancanta ba. Wuta zan hura da su."

Ya miƙa mata ko kallonta bai yi ba.

Da la'asar yaran suka shigo gidan Hansai, suka tsaya kusa da murhu. Hansai, wadda ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, ta zaro littafi ɗaya daga buhun ta buɗe a cinyarta.

"To, ku zauna mana. Wannan abin mai kama da jaki, me ya same shi?"

Mubina ta matso. A hankali ta sa hannu biyu ta juya littafin, ƙafafun dabbar suka koma ƙasa.