Akuyar da ke Bayan Zaki

Gunkin zaki ne na tagulla, amma kan akuya ya tsiro masa a gadon baya, wutsiyarsa kuma maciji ce da ta juyo tana cizon ƙahon akuyar. Duk jikinsa kore, kamar tuwon da ya kwana uku a rufe. Tun da Balarabe mai otal ɗin unguwar West Bay ya ajiye shi a zaure don baƙin gasar kofin duniya, Mutala mai goge-goge ba ya wucewa ta nan sai ya ja takunkumin koronarsa har ido.

Akuyar ce kawai take ba shi tausayi. A garinsu mahaifinsa maƙerin tagulla ne, kuma ba a barin tasa ta yi kore a gidansu. Ran Talata da hantsi ya kawo lemun tsami da gishiri, ya kauce wa macijin, ya dirje fuskar akuyar har ta koma ja tana walƙiya.

Fausatu, 'yar Zangon Kumasi da ke shugabantar masu shara, ta tsaya cak da bokiti a hannu.

"Ƙanina, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Yaya. Ƙazantar ce ta yi yawa. Wannan ko a bayan gida aka tono shi, ai sai haka."

"A kabari aka tono shi," in ji ta. "Aikin mutanen Itruriya ne, waɗansu 'yan Italiya na dā can. Koren nan ya fi shekara dubu biyu. Wannan koren ne Balaraben ya saya, ba tagullar ba."

Mutala ya dubi ƙarƙashin farcensa. Ya goga hannun a wandonsa.

"Dattin kabari ne a hannuna?"

"Bar ta hannu. In kafil, ubangidan da takardunmu ke hannunsa, ya gani, gobe kana jirgin Kano, ko ƙwallo ɗaya ba ka gani ba." Ta leƙa hanya, ta ajiye bokitin. "Yalla, maza mu juya fuskarta bango. Ni zan riƙe kan zakin."

"Ni fa?"

"Wuri nawa ya rage?"

Ya yi bisimilla, ya kau da kai, ya damƙi macijin. Sanyi ƙalau, da kaushi kamar ƙuraje. Suka murɗa gunkin a hankali har akuyar ta fuskanci bango.

Bangon marmara ne, kuma Mutala da kansa ya goge shi da safe har yana sheƙi kamar madubi. A cikinsa fuskar akuyar tana nan, ja, tana kallon ƙofar shigowa.