Harsashin da Babu Albarushi a Ciki

Tun ranar da Ɗan Kwangila ya kira Babana kurman banza a gaban mutane na kasa karatu. Ina buɗe littafi sai in ga fuskarsa a shafin.

Shekara talatin Baba yana gyaran bindiga, ƙarar gwaji ce ta cinye masa kunnen dama. Ɗan Kwangila ya kawo masa wata ƙatuwar bindiga da yake kira Giwa. Babban yatsana yana shiga bakinta har ya yi wasa, harsashinta kuwa ya fi tafin hannuna tsawo. Baba ya daidaita mata saiti. Bayan mako guda mutumin ya dawo yana kumfar baki, wai harbi biyar ya yi ko ɗaya bai taɓa allon gwaji ba, Baba ya lalata masa ita. Maharba suka fara kwashe bindigoginsu daga shagonmu. Baba sai ya yi ta goge teburin da ba shi da datti.

Ni kuwa na taɓa leƙa Ɗan Kwangila yana harbi a filin gwajin da ke bayan shago. Na san abin da idanunsa ke yi.

Ranar Asabar ya tara maharba, zai nuna musu ɓarnar Baba. A filinmu mai harbi ba ya ɗura wa kansa, mu ke ɗurawa mu miƙa. A aljihun tebur kuma Baba yana ajiye harsasan gwada aiki, kamarsu ɗaya da na gaske, amma babu albarushi a ciki. Na ɗauko guda na ɗura wa Giwa.

"Ke 'yar boko, yi sauri mana," in ji Ɗan Kwangila. "Ko kurmancin gado ne?"

"Ga ta, yallaɓai."

Ya ɗaga Giwa, ya ja kunama. Ƙas! Iyakar ƙarar da aka ji ke nan. Amma shi tuni ya runtse ido, ya sunkuyar da bakin bindiga ƙasa, ya yi tsalle da baya sai ga shi zaune daɓas cikin yashi, hularsa can gefe.

Wani tsohon maharbi ya leƙa shi.

"Sannu yallaɓai. Ta harbo ka da ƙarfi ko?"

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Bindiga ba ta yi tari ba, mai ita ya suma!"

"Munafunci ne!" Ɗan Kwangila ya daka tsawa yana karkaɗe riga.

Na ce, "Ni na sa, yallaɓai. Saiti ba ya yi wa mai rufe ido aiki."

Baba ya karɓi Giwa, na ɗura masa na gaske. Ya matse gindinta a kafaɗa, ya karkata gaba. Da ta tashi sai da haƙorana suka haɗu, ta tura shi taku guda baya. Ƙwayar harsashin ta huda tsakiyar allo, ramin ya isa a zura yatsu biyu.

Kafin Ɗan Kwangila ya nemo hularsa, tsohon maharbin ya ɗora bindigarsa a teburin Baba.

A shago Baba ya ce, "Kada ki sake yi min haka ba da sanina ba."

"To, Baba."

Bai nemi harsashin nan marar albarushi ba. Yana ɗakina, da shi nake danne shafi idan ina karatu.